Kuɗin Cefane Da Kwanon Maigida



Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana rai, kuma ba mu ga inda ya fi dacewa a baje ta ba sai a wannan mujalla tamu, domin maganar cikin gida ce. Abin da ya tayar da ita kuwa, wani ɗan saɓani ne da aka kawo mana bayan sallar la'asar kwanakin baya. Ba za mu faɗi suna ko layi ba. Miji da mata ne, 'ya'yansu biyar. Matar ta turo yayanta ya gaya mana cewa ta gaji, kullum faɗa a kan cefane. Da muka zaunar da su, mijin ya ce, "Malam, wallahi tun da na aure ta ban taɓa fita ban ajiye kuɗin cefane ba. Ga ta nan, a tambaye ta." Muka tambaye ta, ta ce gaskiya ya faɗa. Muka ce to, baiwar Allah, ina ƙorafin yake? Ta yi shiru. Can ta ce, "Malam, a tambaye shi yaushe rabon da ya ci abincin rana a gida. A tambaye shi nawa yake kashewa wurin mai shayi da safe, da wurin mai tsire da dare. Abin da yake ba mu mu shida bai kai abin da yake ci shi kaɗai a waje ba."

Mijin bai musa ba. Ya ce shi mai nema ne, yini yake a tsaye a kasuwa, kuma ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In bai ci ya ƙoshi ba, da wane ƙarfi zai nemo? Wannan ma gaskiya ce. Allah ya taimaka aka daidaita su, suka tafi. Amma sun bar mu da tambaya, kuma da muka duba sai muka ga tambayar ta shafe mu mu ma masu sulhun: shin wanda ya ajiye kuɗin cefane ya sa ƙafa ya fita, ya sauke nauyin ciyarwa ke nan?

Kafin mu amsa, bari mu yi wa magidanta adalci. Zamanin da wuya. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mu da muke sayar da kayan abinci mun fi kowa sanin abin da wannan ke nufi, domin albasa da tumatir da wake ba a Bodija suke tsirowa ba, mota ce ke ɗauko su daga Arewa, kuma kowane ƙarin kuɗin mota a kan kongon da matar gida za ta auna yake ƙarewa. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali a lokacin kuɗin bai sayen buhun shinkafa ɗaya. Yawancinmu ma ba 'yan albashi ba ne. Abin da aka samu yau shi ake ci yau. Ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga iyaye a gida Arewa suna jiran aike. Duk wanda ya ce maigida bai ƙoƙari, bai san kasuwa ba.

To amma fa ƙarancin kuɗi ba ya ɗauke tambayar. Ƙara mata nauyi ma yake yi. Lokacin yalwa, ko an yi rabon da bai dace ba kowa zai samu. Sai abu ya yi kaɗan ake gane mai adalci.

Tun muna Islamiyya aka koya mana cewa ciyar da iyali wajibi ne a kan miji, gwargwadon ƙarfinsa da abin da aka saba ci a garin da yake zaune. Aka kuma koya mana cewa kuɗin da mutum ya kashe wa iyalinsa ya fi lada a kan wanda ya bayar sadaka a waje. Kowa ya haddace wannan. Abin da muke yawan tsallakewa shi ne, a wurare da dama da Alƙur'ani ya yi maganar abinci, ya haɗa halal da ɗayyib, wato mai kyau, mai tsabta, mai amfani ga jiki. Mu kuwa mun riƙe ta farko mun saki ta biyu. Muna bincike sosai a kan wa ya yanka naman nan, kuma hakan daidai ne, musamman a garin da muke zaune. Amma ba mu cika tambayar ko abin da yaro ya ci tun safe har dare zai gina masa jiki ba. Garin kwaki da sukari halal ne. Taliyar leda halal ce. Yaron da ya yi wata yana rayuwa a kansu kaɗai ya ci halal, amma ba za mu ce an ciyar da shi ba. An dai cika masa ciki don ya daina kuka.

Saboda haka amsarmu ita ce a'a, ajiye kuɗi a kan tabarma bai isa ba. Ciyarwa tana cika ne idan maigida ya san abin da kuɗin nan ke iya saye a kasuwar yau, ya san abin da aka dafa, ya kuma san wa ya ci me. In ya kau da kai daga waɗannan uku, ya mayar da amanar da Allah ya ɗora masa kan matarsa, ya bar ta tana lissafin da ba ya fita, sannan da dare ya dawo ya ce miya ba ta yi daɗi ba.

Mu duba inda kuɗin ke zurarewa. Na farko shi ne wanda baiwar Allah nan ta faɗa. Mu maza muna da tukunya ta biyu a waje. Da safe shayi mai kauri da burodi da ƙwai biyu. Da rana shinkafa da nama a wurin mai abinci, a kora da lemon kwalba. Da dare a tsaya wurin mai tsire ko balangu, a ci a tsaye, a goge baki kafin a shiga gida. Ba mu ce haramun ne ba, kuma masu shayin da masu tsiren 'yan uwanmu ne, da sana'ar suke riƙe nasu gidajen. Amma kowa ya zauna yau da dare ya haɗa abin da ya kashe wa bakinsa, ya ajiye kusa da abin da ya bayar da safe. Mu mun gwada, kuma ba mu ji daɗin abin da muka gani ba. Ƙwai biyun da mai shayi ya soya mana, da an kai su gida an dafa an raba, yara huɗu sun samu rabi rabi. Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Mai nema yana da haƙƙin ya ci don ya samu ƙarfi, wannan ba gardama. Sai dai akwai tazara tsakanin cin ƙarfi da cin marmari, kuma kowannenmu ya san inda nasa ya tsaya.

Na biyu shi ne yadda ake zuba abinci. A al'adarmu kwanon maigida ake fara cirewa, kuma in nama yanka huɗu ne a tukunya, uku suna ciki. Sai na samari. Sai yara su taru a kan tire ɗaya, babba ya fi ƙarami saurin hannu. Uwar gida ita ce ta ƙarshe, wani lokaci ƙanzo ne rabonta, ko da tana da ciki ko tana shayarwa. Girmama maigida abu ne mai kyau, ba mu zo rushe shi ba. Amma mu tambayi kanmu, wa ya fi bukatar naman nan? Mutum mai shekara hamsin ya gama girma. Abin da likita ke gaya masa ma shi ne ya rage kitse da gishiri saboda hawan jini. Yaro ɗan shekara biyu kuwa yanzu ake gina ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa, ga cikinsa ƙarami, ba ya ɗaukar tuwo mai yawa, sai an ba shi abu kaɗan mai ƙarfi. Masana lafiya suna nanata cewa kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, abin da aka rasa a cikinsu da wuya a mayar da shi daga baya. Ka ga ke nan mun juya rabon: wanda ya fi bukata shi ke samun kaɗan, wanda ya kamata ya rage shi ake cika wa kwano.

Wani zai ce ai maigida bai ce a yi haka ba, matan ne ke zubawa. Haka ne. Suna zubawa ne don sun san abin da zai biyo baya in kwanon ya zo ba nama. Ranar da maigida da bakinsa ya ce, "Maman yara, ki sa wa ƙaramin nan hantar, ke ma ki ci, ni wake ya ishe ni," ranar rabon zai canja. In bai faɗa ba, ba mai canja shi.

Na uku shi ne kunya. Wannan ta fi yawa a cikinmu mazauna birni. Mun raba abinci gida biyu, na masu hali da na talaka, kuma mun sa mafi amfaninsa a ɓangaren talaka. Yaro ya tafi makaranta da ɗanwake ko dambun zogale sai a yi masa dariya, wanda ya zo da biskit da lemon roba shi ne ɗan gata. Uwa ta ga haka, sai ta matse kuɗin miya ta saya wa nata don kada a raina shi. Alhali robar lemo ta 50cl tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi goma ko fiye, ba abin da za ta ƙara wa yaro sai ruɓewar haƙori da ƙin cin tuwo. Mu manya ma haka. Ana ganin gidan da ake dafa farar shinkafa kullum ya fi gidan da ake tuwon dawa, sai ga shi ciwon suga da hawan jini, waɗanda a da muke ce wa ciwon masu kuɗi, yanzu har masu turin baro suna fama da su. Ku lura da yawan sanarwar da ake yi a masallatai, wane ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, ana neman taimako. Ajali na Allah ne, ciwo ma jarrabawa ce. Amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da kada mu cika ciki taf, a bar wa ruwa da numfashi wurinsu.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a gaban shago: "Malam, wannan maganar masu ƙoshi ce. Wanda bai san inda na dare zai fito ba, ina ruwansa da abinci mai gina jiki? Ya samu ya ci kawai." Akwai gaskiya a ciki, kuma ba za mu rufe ido ba. A cikin unguwar nan akwai gidajen da ba zaɓi ko kaɗan, zawarawa da marayu da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Waɗannan ba wa'azi suke bukata ba, abinci suke bukata, kuma nauyinsu yana kanmu maƙwabta da masu fitar da zakka. Duk wanda ya je yana koya wa mai jin yunwa yadda ake haɗa abinci ba tare da ya riƙo masa ko kongon wake ba, ya yi rashin ta ido.

Amma yawancinmu ba nan muke ba. Muna tsakiya ne, akwai ɗan abu a hannu, sai dai bai kai yadda ake so ba. A nan zaɓi yake, kuma a nan hisabi yake. Abin mamaki shi ne abincin da ya fi gina jiki ba shi ne ya fi tsada ba. Iyayenmu da suka kafa Sabo a 1916, fataken goro da shanu, ba su san sunan bitamin ba, amma tukunyarsu ta fi tamu hankali. Hatsi da wake in sun haɗu suna cike wa juna, shi ya sa shinkafa da wake, da ɗanwake, da faten wake suke riƙe mutum yini guda. Waken suya ana yin awara da shi, tana tsayawa a wurin nama a ranar da ba nama. Gyaɗa tana ba mu ƙuliƙuli da kunun gyaɗa. A soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, a dama wa yaron da ya wuce wata shida ana ci gaba da ba shi nono. Wannan ya fi kokon masara tsura nesa ba kusa ba, kuma bai kai kuɗin abincin gwangwani ba.

Sannan Allah ya zaunar da mu a ƙasar da ganye ba ya yankewa. Ewedun da maƙwabtanmu Yarabawa ke ci da amala kullum, ai lalo ne namu. Irun da suke sa wa miya, ai daddawar kalwa ce. Gbegiri miyar wake ce. Ga alayyahu, ga ugu, ga kuɓewa ɗanya, ga manja da ya fi araha a nan a kan Arewa, kuma yana ɗauke da sinadarin da ke taimakon ido in ba a ƙona shi ya yi fari ba. Ga lemon zaƙi da gwanda da mangwaro, kowanne da lokacin da yake zubewa a kasuwa. Wasunmu shekara talatin a Ibadan amma suna ƙyamar ganyen garin, sai an aiko da busasshiyar kuka daga gida. Kukar tana da kyau, a ci gaba da sha. Amma in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, kuma ba abin kunya ba ne matanmu su koyi miya wurin maƙwabciya. Ranar da tumatir ya yi tsada, kamar yadda muka gani a 2016 da tsutsa ta cinye gonaki, ba dole sai jar miya ba. Kuma don Allah a guji ruɓaɓɓen tumatir da ake tarawa gefe ana sayarwa da araha, da gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. Arahar da za ta kai mutum asibiti ba araha ba ce.

Gishiri ma a duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da burodi. Mu kuwa tukunya ɗaya sai a jefa mata dunƙule biyar, a ƙara gishiri a kai. In aka ƙara daddawa da albasa da citta aka rage dunƙulen, an rage kashe kuɗi, an kuma rage wa zuciya aiki.

Akwai wata gaɓa mai wuya da ba za mu tsallake ba, ita ce ta baƙi. Sabo da saukar baƙi aka san ta. Fatake su zo daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, su sauka gidan maigidansu, a ba su masauki da abinci har su sayar da kayansu. Da wannan karamci aka gina unguwar, kuma addini ya yi umarni da girmama baƙo. To amma mun ga gidajen da in baƙo ya zo ake yanka kaza, yara suna leƙe ta labule, su jira abin da ya rage a kwano. Girmama baƙo da abin da ake da shi ne, ba da rabon yara ba. Baƙo raɓa ne, gobe zai wuce. Baƙon kirki ma in ya san cewa naman da ke gabansa na bakin yaro ne, ba zai iya haɗiye shi ba. A kawo masa abin da gida ke ci, da fuska a sake, a zaunar da yara su ci tare. An ce albarka tana cikin haɗa hannu a kwano.

Mu 'yan kasuwa kuma akwai namu kason. Matar da ta zo da kuɗi ƙididdigagge ba ta da halin yin asara. In muka tauye mata awo, ko muka haɗa mata tsohon wake da sabo, ko muka zuba wa waken maganin ƙwari mai guba don kada ya yi ƙwari a rumbu, to mun sa hannu a cikin kwanon 'ya'yanta. Ba zai yiwu mutum ya tsaya sahun gaba da asuba, da hantsi ya sayar wa mutane abin da shi ba zai kai gidansa ba.

Ga abin da muke roƙon magidanta, kuma da kanmu muka fara. Sau ɗaya a wata mutum ya karɓi kuɗin da ya saba bayarwa, ya shiga Bodija ko kasuwar da ke kusa da shi, ya yi cefanen da kansa, ya ga inda kuɗin zai tsaya. Ya zauna da matarsa su yi lissafin mako tare, domin ta fi shi sanin tukunya, shi kuma ya fi ta sanin inda ake samun sari. Maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhun wake ko dawa su raba, ya fi awon kullum sauƙi. Ya yi ƙoƙari ya ci aƙalla abinci ɗaya a yini tare da 'ya'yansa, daga tukunyar da suka ci. Wanda ke cin abin da iyalinsa ke ci ba ya bukatar a kawo masa ƙara. Harshensa zai gaya masa halin da gida ke ciki.

Mutumin nan da muka fara da labarinsa ya biyo ta shago bayan kamar mako uku. Ya ce, "Malam, na bar shayin waje, yanzu kunu nake sha a gida da yara. Tsiren dai ban iya bari ba, amma ina ƙunso shi in kai gida." Muka ce Alhaji, ai hakan ma an ci gaba. Ya yi dariya ya ce wai ƙaramar 'yarsa yanzu ba ta barci sai ta ji ƙarar babur ɗinsa.

Allah ya yalwata mana arziki na halal, ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da ke hannunmu, ya ba mu ikon sauke amanar iyali. Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.